Takalmin Dutse da Daji: Ku Tambayi Wanda Ya Tsufar da Nasa

'Ya'yana da ƙannena, na lura sha'awar fita daji da hawan duwatsu ta fara shiga zukatan matasanmu, maza da mata, kuma abin yana yi mini daɗi. Ana haɗa ƙungiya ranar Asabar a hau Kufena a Zariya ko duwatsun Shere a Jos. Masu ƙarfin hali har suna shirin Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, can cikin gandun Gashaka-Gumti a bakin iyakar Kamaru. Wasunku kuma ba nishaɗi ya kai su daji ba. Akwai 'ya'yan mafarauta da suka gaji sana'ar gida, akwai masu gadin gandun daji, akwai masu safiyo da masu binciken ma'adinai. Duk wanda ya shiga wannan harka ba ya daɗewa zai fara jin wasu sunaye: Meindl, Lowa, Hanwag, Scarpa, Zamberlan, Crispi, Danner, Kenetrek. Zai ga hotunansu a waya, ya ji kuɗinsu, dala 400, dala 500, wani ma fiye. Daga nan zuciya ta fara raya masa cewa ranar da ya mallaki irin wannan takalmi, shi da ciwon ƙafa sun yi hannun riga.

Ba zan ce muku takalman nan ba su da kyau ba. Suna da kyau ƙwarai, kuma masu yin su ba jiya suka fara ba. An kafa Hanwag a 1921, Lowa a 1923, dukansu a yankin Bavaria na Jamus. Zamberlan ta fara a 1929, Scarpa a 1938, a arewacin Italiya, gindin tsaunukan Alps. Roban tafin da yawancinsu ke amfani da shi, mai tambari rawaya da aka rubuta Vibram, daga rashi ya samo asali. A 1935 abokan wani mai hawan dutse, Vitale Bramani, su shida suka mutu a kan tsauni, shi kuma ya ɗora wani kaso na laifin a kan takalman da suka sa. Bayan shekara biyu ya fito da tafin roba mai zara-zaran haƙora wanda ake ta kwaikwayo har yau. Mutanen da suka san takalmi yana iya zama sanadin rai ko ajali ba za su yi aikin wasa ba.

Abin da nake so da ku shi ne ku iya zaɓen wanda za ku saurara. Mai kanti ciniki yake nema. Wanda ya sayi nasa makon jiya kuwa yabo kawai za ku ji a bakinsa, don wanda ya zuba kuɗi masu yawa ba ya saurin yarda ya yi asara. Ku nemi wanda ya sa nasa shekara biyar ko goma, ya bi ruwa da shi, ya bi rana, har tafin ya siɗe. Maganar irin waɗannan mutane, ko maharban tsaunukan Montana ne a Amurka, ko masu yawon Alps, ko masu gadin daji a kudancin Afirka, tana yawan haɗuwa a wuri ɗaya, kuma ba ita ce maganar da ke cikin talla ba.

Abin da suke fara faɗa shi ne tsada ba ta sa takalmi ya dace da ƙafa. Za ka samu maharba biyu, takalminsu iri ɗaya, kuɗinsa ɗaya. Ɗaya ya ce bai taɓa sa irinsa ba don daɗi, ɗayan kuwa diddigensa ya yi bororo har ya fashe, ya sayar da nasa da asara. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowane kamfani yana da tasa sifar ƙafa, ta katako ko ta roba, wadda yake ɗora fata a kanta ya ɗinka. In sifar ta yi kusa da taka ƙafar, ka dace. In ba ta yi ba, sunan da ke jikin takalmin ba zai buɗa maka shi ba. Masu sawa da yawa suna cewa na Italiya sun fi matsewa ta gaba, na Jamus sun ɗan fi sakewa, shi ya sa Meindl da Hanwag da Lowa duk suna da samfura na musamman don masu faɗin ƙafa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu da silifa da fade muka tashi, wasu ma ba takalmi, yatsunmu sun baje yadda Allah ya yi su. Ƙafar da ta girma haka ba ta shiga matsattsen gaba ta zauna lafiya.

Saboda haka kada ku sayi takalmin tafiya da lamba kawai. Lambar ma ba ɗaya ba ce: abin da Turai ke kira 43 shi ne wajen 9 a Ingila, wajen 10 a Amurka, kuma ko cikin ƙasa ɗaya kamfanoni suna saɓawa. Waɗanda suka yi sansanin bautar ƙasa sun san yadda ake yawon musayar jangul but a kwanakin farko. A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, kuma da irin safar da za a yi tafiyar da ita. Ka zare shimfiɗar cikin ka ajiye a ƙasa ka taka. In yatsunka sun zubo ta gefe, ka mayar wa mai shi. In sun zauna, a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin shimfiɗar. Sannan ka ɗaure igiya sosai ka nemi gangara ko matakala ka sauko. Hawa ba ya cika tona asirin takalmi, saukowa ce ke tonawa. In yatsu suna bugun gaba, to bayan saukowa ɗaya daga dogon tsauni farce zai yi baƙi, daga baya ya fita. In diddige yana ɗagawa yana gogar baya a kowane taku, bororo na nan tafe. Wanda zai yi odar takalmi daga waje ba tare da ya gwada irinsa ba, caca yake yi da kuɗinsa, don mayarwa daga nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ko wanda ya dace da ƙafa, in na fata mai kauri ne, sai an hore shi. Ana fara sa shi a gida da cikin unguwa, a ƙara nisa a hankali har makonni, kafin ranar babbar tafiya.

Sai maganar ƙasar da aka yi takalmin dominta, kuma a nan ne na fi jin tsoron a cuce ku. Yawancin takalman farauta masu tsada na Amurka an tsara su ne don mutumin da zai bi wata ƙatuwar dabba dangin barewa a tsaunukan Montana ko Idaho lokacin sanyi, cikin dusar ƙanƙara, in ya harbe ta ya goyo naman a baya ya sauko gangara mai duwatsu. Shi ya sa suke da tsawo har ƙauri, tafinsu da ƙyar yake lanƙwasawa, kuma da yawa an cusa musu abin riƙe ɗumi. In kun ga an rubuta 400 ko 800 ko 1000 kusa da sunan samfurin, sau da yawa awon wannan abin ɗumin ake nufi. Mai sa irin wannan a dajin Bauchi cikin watan Afrilu azaba ya saya wa kansa. Meindl ma ta kasa takalmanta aji-aji, daga A na hanya mai sauƙi har D na ƙanƙara, inda ake ɗaura wa tafin ƙarafa masu haƙora. Ajin sama ya fi tsada, amma tsadarsa ba ta nufin ya fi kyau ga kowa. Tana nufin an yi shi don wani wuri da yawancinmu ba za mu taka ba.

Haka batun hana ruwa shiga. Za ku ga ƙaramin tambari a gefe an rubuta Gore-Tex. Wani siririn mayafi ne da ake ɗinkawa a ciki, mai ƙofofin da ido ba ya gani, ɗigon ruwa ba ya ratsawa amma tururin gumi yana iya fita. Bob Gore ne ya gano sinadarin a 1969, kamfanin Danner kuma ya sa shi cikin takalmi a 1979. A ƙasar sanyi da yayyafi ni'ima ne babba. Sai dai fitar tururin nan tana tafiya daidai ne in waje ya fi cikin takalmin sanyi da bushewa. Da bazara, ƙafa tana zuba gumi fiye da yadda mayafin zai iya fitarwa. Da damina kuwa iskar waje kanta a jiƙe take. Ƙafa ta wuni cikin laima, fata ta yi laushi, bororo da cin ruwa tsakanin yatsu su samu wurin zama. In kuma aka tsallaka rafi ruwa ya shiga ta sama, mayafin da ya hana shi shiga shi zai hana shi fita, takalmin ya kwana biyu bai bushe ba. Tsofaffin masu sawa suna ƙara da cewa mayafin ne ke fara mutuwa tun fata na da sauran shekaru. Yashi yana goge shi, dogon farce yana huda shi, ƙaya ma haka. Ku tuna da ƙayar aduwa da farar ƙaya da tsidau da ke dazuzzukanmu.

Waɗanda suka yi aiki a ƙasar zafi sun daɗe da gane wannan. Takalmin da sojojin Amurka suka sa a dazuzzukan Vietnam samansa na zane ne, an huda masa ƙananan ƙofofi a gefe don ruwa ya fita. Sojojin Birtaniya a Iraƙi da Afganistan an ba su samfuran sahara na Meindl da Lowa, masu shan iska. A nahiyarmu ma akwai masu yi. Kamfanin Courteney a Bulawayo ta Zimbabuwe yana ɗinka takalmin fata zalla mai tafin roba, kuma ƙwararrun maharba na can suna son sa ne don ba ya ƙara in ana sanɗa. Kamfanin Jim Green a Afirka ta Kudu ya yi wani samfuri, African Ranger, tare da shawarar masu gadin daji, kuɗinsa kuma bai kai na manyan takalman tsaunin Turai ba. Ƙasar da ake takawa da waɗannan ta fi kama da tamu: zafi, ƙura, ƙaya, doguwar tafiya a fili. Ni a ganina, matashin da zai yi aiki a dajin arewa ya fi kyau ya fara duba irin wannan ƙira kafin ya ɗaga kai zuwa Alps. Na ambaci farauta, to bari in faɗa a gurguje: a Yankari da Gashaka-Gumti da sauran gandun da doka ta killace, kallo ake zuwa yi, ba harbi ba.

Yanzu ga abin da ya fi kama mutanenmu, don mafi yawanmu ba sabo muke saye ba, gwanjo muke bi. A ɓalle dila, ka ga takalmi mai babban suna, fatarsa ko ƙwarzane babu, haƙoran tafinsa ba su taɓa ƙasa sosai ba, a ce maka kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabo ba. Kafin ka yi murna ka tambayi kanka me ya sa mai shi ya rabu da shi. Sau da yawa amsar ita ce ya shekara da shekaru a ajiye a kabad ɗin wani Bature. Tsakanin fatar sama da baƙin roban da ke taɓa ƙasa akwai wani soso mai tauri wanda ke tare wa ƙafa bugun dutse. A yawancin takalman tsauni na zamani da sinadarin da ake kira PU ake yin sa. Danshin da ke cikin iska yana cin wannan sinadari a hankali, ko ana sa takalmin ko ba a sawa, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka ƙera shi, ba ranar da ka saya ba. Zafi da laima suna gaggauta abin. Kamfanonin da kansu sun yarda da haka, har suna cewa wanda aka ajiye ba a sawa ya fi saurin lalacewa a kan wanda ake fita da shi a kai a kai.

Na taɓa ganin ƙarshen irin wannan a rumfar wani dattijon shumeka. Wani saurayi ya zo da takalmi a leda, samansa fes, tafin ƙafar dama kuwa ya ɓalle tun daga gaba har tsakiya, an ɗaure shi da tsumma. A kan dutse ya rabu, ya ce, da ƙyar ya sauko. "Baba, a sa mini gam mai ƙarfi." Dattijon bai amsa ba tukuna. Ya sa babban yatsa ya danna soson tsakiyar, sai ya burma. Ya murza abin da ya fito, ya zube a tafin hannunsa kamar dakakken ƙuli-ƙuli. Ya ɗauki na hagu, wanda ake gani lafiya lau, ya ɗan murɗa shi, tsaga ta buɗe a gefen diddige. "Ɗana," ya ce, "gam sai ya samu abin kamawa. Nan ciki babu abin da ya rage. Sai dai a kankare duka a sa wani tafin, kuma ba zai koma yadda yake ba."

Abin da dattijon ya yi shi ne gwajin da za ku yi tun a gaban mai gwanjo. Ku danna soson da farce, ku ji ko yana dawowa ko yana burmawa. Ku lanƙwasa takalmin, ku murɗa shi, ku duba gefe ko ƙananan tsagogi za su bayyana. In wurin yana danƙo a hannu ko yana zubar da gari, ku ajiye, komai kyan fatar. Ku leƙa harshen takalmin ta ciki, wasu kamfanoni suna buga lokacin ƙira a nan. Tambari kuma kada ya ruɗe ku, ana buga na jabu. Wanda kuma Allah ya hore masa ya sayi sabo, kada ya mai da shi kayan ado yana jiran babbar rana. Ya sa shi.

Daga nan za ku gane dalilin da ya sa tsofaffin hannu suke duba yadda aka haɗa sama da tafi. Akwai na liƙi, akwai na ɗinki. Na liƙi ya fi sauƙin nauyi, kuma nagarinsa ana iya canza masa tafi, amma a Turai masana'anta ake mayar da shi ko wurin ƙwararren da ke da kayan aikin. Danner ma tana da sashen sabunta tsofaffin takalmanta a Portland. Mu nan wa zai aika takalmi Jamus a yi masa tafi? Na ɗinki kuwa, wanda za ka ga zare ya zagaye bakinsa ta waje, shumekan kirki a Kano ko Zinder ko Kumasi zai iya farke shi ya sa sabon tafi ya mayar da ɗinki. A wurinmu wannan ya fi kowane tambari daraja, don takalmin da ake iya gyarawa a garinku shi ne zai kai shekara goman da ake faɗa.

Kula da shi ba wuya, sai dai mutane suna kashe takalmi da kyakkyawar niyya. Ya jiƙe, sai a kai shi bakin murhu ko a shanya a tsakar rana. Zafi yana ƙona fata ta tsattsage, yana sakin gam. A cire shimfiɗar ciki, a sassauta igiya, a cusa tsohuwar jarida, a bar shi a inuwa inda iska ke bi. Taɓo a wanke shi tun bai bushe a jiki ba, don yana tsotse man fata. Da hunturu a goge ƙura, a shafa kakin da aka yi don takalmi, kaɗan. Man gyaɗa da man shanu da baƙin mai ba nasa ba ne, suna sa fata ta saki har ta daina riƙe idon sawu, kuma suna ɓata liƙi. Kada a ƙulle shi a leda da damina, fumfuna za ta ci shi. Safa ma rabin takalmi ce. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, ta ulu ko ta zaren zamani tana janye shi daga fata. A riƙa tafiya da ta canji. Ga wani abu da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba: bayan alwala a tsane ƙafa sosai, har tsakanin yatsu, kafin a mayar da safa. Kuma da zarar an ji wani wuri ya fara zafi, a tsaya nan take a manna filasta, kada a ce bari a kai inuwar can.

A daji, kowace safiya a kifa takalmi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Maciji kuwa, yawancin sara a ƙafa da idon sawu yake samun mutum, kuma asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe shaida ne kan yadda kububuwa ta addabi manoma da makiyaya. Takalmin fata mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri suna rage haɗari sosai. Amma takalmin hawan dutse, komai tsadarsa, ba a yi shi da alkawarin tare haƙorin maciji ba. Kada ya sa ku taka inda ido bai gani ba.

Saura tambayar da ya kamata a fara da ita: kana ma bukatarsa? Nauyin da ke ƙafa ya fi na baya cin ƙarfi. Binciken da aka yi a shekarun 1980, har da na sojojin Amurka, ya nuna bambancin ya kai wajen ninki biyar. A 1955 wata dattijuwa Ba'amurkiya, Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachian daga farko har ƙarshe, fiye da kilomita 3,000, da kambas a ƙafarta. Yau ma yawancin masu bin wannan doguwar hanya takalmin gudu mara nauyi suke sawa, in ya mutu su canza. Babban takalmi yana da ranarsa: kaya mai nauyi a baya, gangara mai tsakuwa, sanyi, ƙaya, aiki na kullum. Mai gadin daji da ke sintiri duk mako, ko mai safiyo da ke wata a fili, ko wanda ya ƙudurta hawa tsaunin Kamaru ko Kilimanjaro mai mita 5,895 inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili, in ya tara kuɗi ya sayi nagari bai yi almubazzaranci ba, kayan sana'a ya saya. Amma ɗalibin da zai hau Kufena sau uku a shekara, kada ya ci bashi, kada ya taɓa kuɗin makaranta don ya yi daidai da hoton da ya gani a waya. Ya nemi takalmi mara nauyi mai tafi mai kama dutse, wanda yatsunsa suka sake a ciki. Sauran kuɗin ya sayi safa mai kyau ƙafa biyu ko uku, da gorar ruwa babba, ya kuma biya ɗan jagoran da ya san hanya haƙƙinsa cikakke.